Shekara 42 a jami'a ɗaya: yadda Karen Shelton ta daɗe tana cin kofin ƙwallon gora

Tambaya: Ni malamar motsa jiki ce, kuma ina horar da ɗalibai mata ƙwallon gora. Na ji labarin wata mai horarwa a Amurka, Karen Shelton, wadda aka ce ta haura shekara arba'in a jami'a ɗaya, ta kuma ci kofin ƙasa har sau goma. Ta yaya mutum zai daɗe haka yana nasara, alhali 'yan wasansa ɗalibai ne da ke gama karatu su tafi? Gwanintarta ce, ko kuwa kuɗin makarantar ne?

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Karen Shelton ta riƙe ƙungiyar ƙwallon gora ta mata ta Jami'ar North Carolina da ke garin Chapel Hill daga 1981 zuwa 2022, wato kaka 42 a jere. A cikinsu ta ci kofin jami'o'i na ƙasa a 1989, 1995, 1996, 1997, 2007, 2009, 2018, 2019, 2020 da 2022, ta ci kofin rukunin jami'o'in da makarantarta take ciki, wanda ake kira ACC, sau 25, kuma ta yi nasara a wasa 745, adadin da babu wani mai horarwa a wannan mataki da ya kai shi lokacin da ta ajiye aiki. Sai dai akwai wani lissafi da ba a cika ambata ba, kuma a ganina shi ne ya fi amsa tambayarki. Sau 21 ta kai ƙungiyarta wasan ƙarshe na ƙasa, kuma sau 11 aka doke ta a can. Matar da ta fi kowa cin wannan kofi ta fi rasa shi a ranar ƙarshe fiye da yadda ta ɗauke shi.

Kafin a fahimci nauyin wannan, sai an san yadda wasannin jami'a suke a Amurka. Hukumar da ke kula da su, NCAA, a zamanin Shelton ta ba kowane ɗalibi damar buga kaka huɗu ne kawai. Ba a sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya, ba a kuma sabunta masa yarjejeniya idan wa'adinsa ya cika. A zamanin Shelton, a babban rukuni, kuɗin tallafin karatu da aka yarda kowace jami'a ta raba wa 'yan ƙwallon gora bai wuce kwatankwacin na mutum 12 ba, alhali mutum 11 ne ke shiga fili, ƙungiya kuwa takan haura ashirin, saboda haka sai an gutsuttsura tallafin. Kakar wasan gajeriya ce, daga ƙarshen watan Agusta zuwa Nuwamba, kuma gasar ƙasa ta sili ɗaya ƙwale ce, wadda aka doke sau ɗaya ta fita. Ma'anar wannan ita ce kowace shekara mai horarwa tana rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyarta, kuma waɗanda ke tafiya su ne waɗanda suka fi ƙwarewa. Aikin ya yi kama da na malamin makarantar allo, wanda da zarar almajiri ya sauke ya fara rage masa aiki, sai ya kama hanyar garinsu. Wanda ya ci kofi a 1989 kuma ya sake ci a 2022 ya gina ƙungiya daga tushe kusan sau takwas a tsakani.

Asalinta ya taimake ta. An haife ta a 1957, ta tashi a jihar Pennsylvania, wadda ita ce cibiyar wannan wasa a Amurka tun bayan da wata 'yar Ingila, Constance Applebee, ta gabatar da shi a kwalejojin mata na ƙasar a 1901 (abin da ya sa har gobe Amurkawa ke ɗaukarsa wasan mata, saɓanin Indiya da Pakistan da Holan). Ta yi karatu a kwalejin West Chester, wadda ta riƙa lashe gasar ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, kuma sau uku a jere aka zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasan ƙasa ta kwalejoji, alhali 'yar baya ce, a wasan da yawanci masu cin ƙwallo ake yi wa tafi. Ta shiga ƙungiyar ƙasa a 1977, aka zaɓe ta cikin waɗanda za su je gasar Olamfik ta 1980 a Mosko, sai Amurka ta ƙaurace wa gasar. A ta 1984 a Los Anjeles ta samu lambar tagulla, bayan da Amurka da Ostareliya suka yi kunnen doki a maki da ƙwallaye, aka raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ki lura cewa a lokacin ta riga ta shekara uku tana horar da North Carolina, domin tana da shekara 23 aka ba ta aikin, bayan ɗan gajeren zama a matsayin mataimakiya a kwalejin Franklin da Marshall. Wato a shekarunta na farko tana koyar da abin da ita kanta take bugawa da manyan ƙasashe, kuma tana da ido a makarantun sakandaren Pennsylvania da maƙwabtanta, inda ake samun 'yan wasa, tun da jihar North Carolina ba ta da wannan al'ada sosai.

Ta kuma zo a kan gaɓa. A 1972 Amurka ta kafa dokar da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da sashe na tara, kuma wannan ne ya tilasta wa jami'o'i su zuba kuɗi a wasannin mata. A 1981, shekarar da Shelton ta kama aiki, NCAA ta gudanar da gasar ƙwallon gora ta mata karo na farko, Jami'ar Connecticut ta ci. Saboda haka ba wata tsohuwar daula ta gada ba, da ita aka fara. Daga 1983 ta lashe kofin ACC sau tara a jere, ko da yake adalci ne a faɗi cewa jami'o'in rukunin masu buga wasan ba su da yawa a lokacin.

Kofin ƙasa kuwa ya ba ta wuya, kuma babban dalilin shi ne Beth Anders, abokiyar wasanta a ƙungiyar 1984, wadda ta mayar da Jami'ar Old Dominion da ke jihar Virginia gagara-badau, da kofi tara tsakanin 1982 da 2000. Shelton ta fara kai wasan ƙarshe a 1987, Maryland ta doke ta. A 1989 ta ci Old Dominion 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, amma Anders ta rama a wasan ƙarshe na 1990 da na 1991. A 1993 Maryland, a 1994 kuma James Madison, suka ƙwace mata kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Zuwa ƙarshen 1994 ta je wasan ƙarshe sau shida, sau ɗaya kawai ta dawo da kofi. Duk wanda ya taɓa horar da matasa ya san cewa rashin nasara irin wannan ya fi dukan kawo-wuƙa cin rai, domin 'yan wasa kan fara ganin kamar abin ya zame musu baki, kuma mai horarwa kan shiga jarabar rusa abin da ke aiki don neman abin da ya rage. Abin da ya biyo baya ya nuna ba ta rusa ba: a 1995 ƙungiyar ta ci wasanninta 24 duka, ta kuma riƙe kofin a 1996 da 1997.

Daga nan ne, a ganina, ainihin jarrabawar ta fara, domin shekara goma ta yi ba ta sake cin kofi ba, kuma a cikin shekarun da ke kewaye da wannan lokaci wasan da ta ƙware a kai ya sauya kama. Lokacin da ta koyi ƙwallon gora, a kan ciyawa ake bugawa, da sandar katako. A kan ciyawa ƙwallo na tsalle, saboda haka akan tsayar da ita tukuna sannan a maka ta gaba, kuma ƙarfin bugu da juriya su ne jari. Ciyawar roba, wadda aka fara amfani da ita a Olamfik a Montreal a 1976, ta mamaye manyan jami'o'i sannu a hankali. Ana jiƙa ta da ruwa kafin wasa, ƙwallo ta riƙa gudu a miƙe ba tangarɗa, sai gajerun miƙe-miƙe da jan ƙwallo a jikin sanda suka fi dogon bugu amfani, masu tsaron baya suka koyi shimfiɗa sanda a ƙasa wajen tare abokin gaba, sandunan kuma suka koma na sinadarai masu ƙarfi da lanƙwasa. A farkon shekarun 1990 aka ba da damar canjin 'yan wasa ba iyaka, mutum ya fita ya huta ya dawo, abin da ya sa gudun wasan ya ƙaru, kuma mutum goma sha ɗaya nagari suka daina wadatarwa, sai an tanadi goma sha shida ko fiye da za a iya dogara da su. A tsakiyar shekarun ne aka soke dokar satar gida, aka tabbatar da sokewar a 1998. Ki duba abin da wannan ke nufi ga tsohuwar 'yar baya: dabarar da ta girma a kai, ta matsawa gaba a layi ɗaya don a kama maharan abokan gaba cikin satar gida, ta tashi daga aiki dare ɗaya, domin yanzu mahari na iya zuwa ya tsaya a gaban mai tsaron gida yana jira, dole masu baya su ja da baya, tsakiyar fili ta buɗe. A 2009 aka ƙyale wanda aka yi wa laifi ya ɗauki bugun tazara da kansa ya wuce da ƙwallo, ba sai ya miƙa wa wani ba, wanda ya kawar da ɗan numfashin da masu tsaro ke samu su daidaita. A 2019 jami'o'i suka bar rabi biyu na minti 35 suka koma zango huɗu na minti 15. Ko gajeriyar kwana, wato bugun da ake ba mahara daga layin raga idan masu tsaro sun yi laifi a gabanta, wadda ita ce babbar hanyar cin ƙwallo tun da ba a ƙirga ci sai an taɓa ƙwallo a cikin da'irar gaban raga, ta tashi daga tsayarwa a buga zuwa jan ƙwallo a wurga ta sama da ƙarfi.

Masu horarwa da dama da suka yi suna a kan ciyawa ba su tsallake waɗannan sauye-sauye ba, domin mutum yakan so ya ci gaba da koyar da abin da ya ba shi suna. Shelton ta ci kofi a lokacin da ake kama satar gida, ta ci bayan an soke ta, ta ci a shekarar da aka kawo sabon bugun tazara, ta kuma ci a kakar farko ta zango huɗu. Duk wanda ya kalli ƙungiyoyinta na ƙarshe zai ga wasa ne na miƙa ƙwallo da sauri, taɓawa ɗaya ko biyu, ana juya ta daga wannan gefe zuwa wancan ta bayan fili har gurbi ya buɗe, sannan da zarar ƙwallo ta kuɓuce sai a taso wa abokan gaba tun daga gidansu. Wannan ba wasan West Chester na 1977 ba ne. Abin da bai sauya ba shi ne tsaron baya, domin a wasannin ƙarshe na 1996, 2007 da 2018 ko ƙwallo ɗaya ba a zura mata ba.

A shekarun ƙishirwar, maƙwabtanta ne suka riƙa sha. Wake Forest, wadda ke jiha ɗaya da ita, ta ci kofin sau uku a jere daga 2002 zuwa 2004, Maryland, ƙarƙashin mai horarwa Missy Meharg, ta ci a 1999, 2005 da 2006. Shelton ta dawo a 2007 da nasara 24 babu faɗuwa, sannan a 2009 ta doke Maryland 3 da 2 da ƙwallon da ta shiga ana saura daƙiƙoƙi a tashi. Sai kuma aka koma gidan jiya, har ma ya fi na farko tsanani. Maryland ta doke ta a wasan ƙarshe na 2010 da na 2011, duka a ƙarin lokaci, Princeton ta doke ta a 2012, Syracuse a 2015, Delaware a 2016, kuma huɗu daga cikin waɗannan biyar da tazarar ƙwallo ɗaya ne, 3 da 2. Akwai ɗalibai da suka shiga jami'ar suka gama, sun buga wasan ƙarshe sau biyu ko uku, ba su taɓa ɗaga kofin ba. A lokacin Shelton ta doshi shekara sittin, shekarun da a wurare da yawa ake fara raɗe-raɗin cewa zamani ya wuce mutum.

A nan ne rabin tambayarki na biyu yake shigowa, kuma ba zan rage wa jami'ar haƙƙinta ba. North Carolina wuri ne da ya saba barin mai horarwa ya daɗe: Dean Smith ya riƙe ƙwallon kwando ta maza daga 1961 zuwa 1997, Anson Dorrance kuma ya riƙe ƙwallon ƙafa ta mata fiye da shekara arba'in. Haka nan ƙwallon gora ba wasa ba ne da ke kawo wa jami'a kuɗi, saboda haka babu matsin lambar da ke sa a kori mai horar da ƙwallon kwando bayan kaka biyu marasa kyau. Makarantar tana da suna a karatu, wanda shi ne abin da iyaye suka fi dubawa, tun da babu gasar ƙwararru a Amurka da ɗiyarsu za ta ci abinci da ita bayan digiri. Jami'o'in babban rukuni masu wannan wasa kuwa kusan tamanin ne kawai, waɗanda ke iya cin kofi a cikinsu ba su da yawa. A 2018, a daidai lokacin da ta shekara tara ba kofi, jami'ar ta buɗe sabon filin ƙwallon gora ta sa masa sunanta. Duk wannan gata ne. Amma Duke da Virginia suna rukuni ɗaya da ita, suna da kuɗi da suna a karatu, iyakar tallafin karatun ma a lokacin ɗaya ce ga kowa, kuma a tsawon shekarunta 42 babu ɗaya a cikinsu da ta ci kofin ƙasa. Kuɗi ya sa ta cikin 'yan ƙalilan masu iya takara, haƙurin jami'a ya ba ta lokaci, amma kaiwa wasan ƙarshe sau ɗaya a kowace kaka biyu aikin mai horarwa ne.

Shekarunta biyar na ƙarshe sun fi duk na baya albarka, kuma a nan dole a ambaci Erin Matson, wata 'yar wasan gaba daga Pennsylvania da ta shigo a 2018. Ƙungiyar ta ci wasa 23 babu faɗuwa a 2018, ta maimaita a 2019, ta kai nasara 47 a jere kafin Louisville ta tsayar da ita a 2020. Annobar korona ta sa aka ɗage gasar ƙasa ta wannan kaka zuwa watan Mayun 2021, aka buga wasan ƙarshe a filin da ke ɗauke da sunan Shelton, Matson ta ci Michigan ƙwallon nasara a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. A kakar 2021 Northwestern ta cire su tun zagayen farko. Saboda annobar an ƙara wa ɗalibai shekara ɗaya, Matson ta dawo kaka ta biyar, suka ci wasa 21 duka a 2022, suka rama a kan Northwestern 2 da 1 a wasan ƙarshe. Wasu za su ce huɗu daga cikin kofuna goman na Matson ne, kuma ba su yi ƙarya ba, domin sau uku aka zaɓe ta gwarzuwar ƙasa, kamar yadda aka yi wa malamarta shekara arba'in kafin nan. Amma shawo kan irin wannan 'yar wasa ta zaɓi makarantarki babban ɓangare ne na aikin, kuma ƙungiyar da ta shigo ciki ta riga ta buga wasan ƙarshe sau biyar a shekara takwas, abin da ya rage mata shi ne mai ƙarasa ƙwallo a raga.

Idan akwai abin da za ki ɗauka zuwa naki filin, ba ciyawar roba ba ce. Ki lissafa ƙungiyarki da shekarar da kowace ɗaliba za ta gama, ki ga gurbin da zai buɗe nan da shekara biyu, musamman mai tsaron gida da masu ɗaukar gajeriyar kwana, ki fara ba wadda za ta gaje shi lokacin wasa tun yanzu, ko da hakan zai sa ki rasa wani wasan bana. Ki kuma riƙa karanta littafin dokokin hukumar ƙwallon gora ta duniya duk lokacin da aka sabunta shi, ki tambayi kanki wace dabara ce sabuwar doka ta kashe, wace ce ta buɗe wa ƙofa.

Shelton ta sanar da ajiye aiki a watan Disamba na 2022, 'yan makonni bayan kofinta na goma, wanda ya sa ta zarce tara na Beth Anders. A ƙarshen Janairun 2023 jami'ar ta naɗa Matson a gurbinta, tana da shekara 22, wata guda da kammala digiri, za ta horar da waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da ita a tafiye-tafiyen wasa. Mutane da yawa sun ga kasada ce, ni ma ina ganin kasada ce, domin iya wasa daban, iya zaunar da ƙawarki a benci daban. A watan Nuwamban 2023 ƙungiyar ta sake doke Northwestern ta riƙe kofin. A 2024 ta ci duk wasanninta har zuwa wasan kusa da na ƙarshe, inda Saint Joseph's ta fitar da ita 2 da 1.